RIGAR BUHUN TAKI

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo tun da sassafe kuna cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wuta ce ta yi mana yaji kwana biyu har waya ta mutu. Ga Malama Maijidda nan na dawo muku da ita, ku gyara zama.

*

Rana ba ta gama fitowa ba Malama Maijidda ta buɗe ajinta a Islamiyyar unguwarsu da ke Kiru, ta shimfiɗa tabarma biyu, ta zazzage jakar bakko a kai.

Riguna ashirin da huɗu, farare tas, kowacce da hularta haɗe a wuya, mai faɗin da hijabi zai shige bai takure ba.

Ta riƙe ƙugu tana kallonsu. Kanta ya yi girma, ni ma kuwa ban ga laifinta ba.

Wata uku ke nan tana fama da tafiyar nan. Ita ta yi wa 'yan matan ajinta alkawari da bakinta, ranar da suka kammala haddar izu goma za ta kai su Kano wajen wasan nan mai lilo da jirgin ƙasa na yara, dukansu, ba za a bar ko ɗaya a baya ba. Yara suka cika nasu. Sai Malam Tasi'u, shugaban kwamitin iyaye, ya gyara hula ya kafa sharaɗi. Wai Agusta ce, marka ake yi, wajen wasan kuma fili ne fetal, don haka babu yarinyar da za ta taka mota sai da rigar ruwa wadda ba ta yoyo.

Ya san sarai babu gidan da zai sayi rigar ruwa ta kanti a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. So yake tafiyar ta mutu da kanta, kar a ce shi ya hana.

Bai san wadda ya taɓo ba. Gida gida ta bi tana roƙon buhunan taki da aka gama da su, irin masu leda a ciki. Ta wanke su sau uku da sabulu, ta shanya, ta juye cikinsu waje yadda ledar za ta tare ruwa, ta hau keken ɗinki kwana goma sha ɗaya. Allura shida ta karya.

Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya ta leƙa cikinta. A daidai gadon baya akwai ɗan ƙyallen atamfa da ta ɗinke a kai. Ta shafa shi da yatsa, ta ja gefensa ta ji ɗinkin da ƙwari, sannan ta sauke numfashi.

Wannan facin shi ne abin da ke cinta a rai.

Buhu tara daga cikin waɗanda ta tara, daga gidan Malam Tasi'u suka fito. Matarsa Laraba ce ta kwaso mata su a ɗakin ajiyarsa, baiwar Allah, tana murna ita ma ta taimaka. Laraba ba ta yi boko ba. Sai da Maijidda ta zo wanki ta ga rubutu da jan fenti a jikin kowanne, sunayen mutanen unguwa ne ɗaya bayan ɗaya. To Malam Tasi'u shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoman unguwar. Shi ya je karɓo musu takin rabo farkon damina, ya dawo hannu biyu ya ce bana nasu bai fito ba, a yi haƙuri sai baɗi.

Ashe ya fito, har da sunan kowa a buhunsa. Gonarsa ta can wajen Doguwa ce ta shanye.

Maijidda ta goge da sabulu, ta goge da toka, fenti ya ce ina nan. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta ga ribar tona asirin uban ɗalibarta ba. Sai ta juya sunayen ciki ta rufe da atamfa, ta kuma yi wa duka ashirin da huɗun faci iri ɗaya don kar wani ya tambaya. Abu ɗaya ta yi don ranta ya yi sanyi, duk yarinyar da sunan ubanta ke jikin buhu, ita ta ware wa rigar. In takin bai je gonarsa ba, buhun dai ya rufe masa 'ya.

"Assalamu alaikum, Malama!"

Suka shigo gaba ɗaya kamar an buɗe wa kaji akurki, kowacce da ƙunshinta.

"Wa alaikumus salam. Ku yi layi. Habiba, ba kasuwa kika zo ba."

Habiba 'yar Isa Mai Albasa ce, bakinta ba ya hutawa ko a sahun salla sai an harare ta.

"Malama, wai da gaske lilon yana kai mutum sama da bishiyar kuka?"

"In kin je kya gani. Kowacce ta buɗe ƙunshinta na duba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ku na san halinku."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina hijabinki na canji?"

"Ga shi, Malama."

"Sa shi a leda ki ɗaure bakin sau biyu. In wanda ke jikinki ya jiƙe, shi za ki sa. Ke kuma wannan takalmin na meye?"

"Na salla ne, Malama, Inna ta ce na sa."

"Na salla zai sha taɓo ya ɓalle, Inna ta ce ni na ja. Koma ki sako silifas na roba, da gudu."

Ta juya kan wata. "Gurasa a takarda? Ruwa na taɓa ta ta zama kunu. Karima, ba ta leda."

Karima ta miƙe a nutse ta miƙa ledar. Ita ce 'yar Malam Tasi'u, kuma ita ce ta fi kowa hadda a ajin, yarinya mai kunya da ko dariya sai ta rufe baki. Tun da aka fara zancen tafiyar ba ta taɓa tambayar komai ba, amma Maijidda ta sha ganinta tana zana lilo a bayan littafinta.

"To, yanzu ku saurara. Riga ba a ƙasan jaka take zama ba, a sama take. Hadari ba ya sallama. Kuna cikin layin hawa lilo zai sauko, ba wanda zai jira ki kwashe gyaɗa da masara kafin ki kai gare ta. Kun ji?"

"Mun ji, Malama!"

"Kowacce na rubuta sunanta a bakin hula. Ba musanye."

Ta fara kira tana miƙawa. Yara suka dinga juya rigunan suna shafawa, wata har da sunsunawa.

"Wallahi Malama kamar ta kanti," in ji Habiba.

"Ta fi ta kanti. Ta kanti ba a yi ta don mai hijabi ba."

Hon ɗin mota ya katse su. Mujitaba direba ne ya iso da doguwar bas ɗinsa.

*

Ƙofar makarantar ta cika. Maza a tsaye wasu da fartanya a kafaɗa za su wuce gona, mata a rakuɓe jikin katanga. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya.

Malam Tasi'u na tsaye daidai ƙofar motar, hannu a baya.

Maijidda ta rusuna. "Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi." Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi wani murmushi. "Kin ga abin da nake faɗa ko? Ga shi nan ya taso. Ina rigunan?"

"Suna jakunkunansu."

"A fito da su. Ni ba na sayen kifi a ruwa."

Ta juya. "Ku fito da su."

Hannu ashirin da huɗu suka shiga jaka suka fito a tare, don a sama rigunan suke. Mata suka ɗauki salati.

"Ikon Allah! Wannan buhun taki ne?"

"Ke dubi hular, har da igiya!"

Malam Tasi'u ya taɓe baki. "Buhu dai buhu ne. Sharaɗina ba kyau ba ne, rashin yoyo ne. A kawo min ruwa a bokiti."

Wani ya ce, "Haba Malam, a bokiti?"

"Ruwan sama da cokali yake zuwa?"

Aka kawo. Maijidda ta ce, "Wa za ta tsaya?"

Kafin ta rufe baki Habiba ta zura tata ta ja hula ta ɗaure igiya, ta tsaya a tsakiyar fili ta ƙame kamar soja.

Ya ɗaga bokitin ya juye mata shi kaf a ka, ba ko tausayi.

Ruwa ya gangaro ta kafaɗa ya bi jikin ledar ya zube a ƙasa. Habiba ta kwance igiya, ta cire rigar, ta ware hannuwa tana juyawa.

Hijabinta a bushe yake ƙamas.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Maza suka hau tafi, har Mujitaba ya danna hon sau uku. Isa Mai Albasa, uban Habiba, ya washe baki yana ce wa na kusa da shi, "Tawa ce, tawa ce wannan."

Maijidda ta sunkuyar da kai don kar a ga yadda bakinta ya ƙi rufuwa. Kwana goma sha ɗayan nan da ciwon bayan da ta sha, duk ta ji sun biya.

"To Malam, su shiga?"

Da ya ce su shiga, da shi ke nan, da ni ma ban samu abin ba ku ba. Amma mutum in ya saba a ce masa ya yi daidai, tafin da aka yi wa wani zafi yake masa.

"Dakata," ya ce.

Ya fizgi rigar wata yarinya da ke kusa, ya juya cikinta yana bin ɗinkin da ido. Yatsansa ya tsaya a kan atamfar.

"Wannan fa?"

Maijidda ta yi saurin cewa, "Ƙyalle ne, Malam. Don kar buhun ya kankare musu baya."

"A baya kaɗai yake kankara? Faci ba ya hawa sai inda aka ɓarke. Huda ce kika rufe."

"Babu huda. Ai ka ga an zuba ruwa."

"Ɗaya aka zuba wa." Ya sa hannu a aljihu ya zaro reza.

"Malam, don Allah kar ka farke. A sake kawo ruwa a zuba wa kowacce, na yarda."

"Au, kina tsoro ke nan."

Ya ja rezar. Ƙyalle ya faɗo. Babu komai a ƙasansa sai farin buhu lafiyayye, don wannan daga wani gidan ta fito.

Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "Malam ya tono huda, a tafa masa!"

Fuskarsa ta canja. Maijidda ta matso kusa da shi ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam, ka tsaya a nan. Na roƙe ka da girman Allah. Don kanka nake faɗa, ba don ni ba."

"Ni za ki yi wa barazana? Yarinyar da aka haifa a gabana?"

"Ba barazana ba ce."

"To matsa."

Ya miƙa hannu ya karɓe ta Habiba, wadda har yanzu take ɗigar ruwa.

"Wannan da aka yi wa guɗa, ita zan duba."

"Malam!"

Ya riga ya ja.

Atamfar ta yaye. Jan fenti ya bayyana ɓaro-ɓaro.

Hannun Malam Tasi'u ya tsaya cak. Ya yi saurin naɗe rigar, amma Habiba da ke tsaye a gefen gwiwar hannunsa ta riga ta karanta.

"Lah! Baba! Sunanka ne!" Ta yi tsalle don murna. "Isa Mai Albasa, buhu ɗaya! Malama ta rubuta min sunan babana a tawa!"

Sauran yaran suka ɗauka. "Malama, ni ma akwai na babana?"

"Kar wadda ta taɓa tata!" Maijidda ta daka musu tsawa.

Murmushin Isa ya ɗauke a hankali. Ya sauke fartanyarsa ya jingine ta da katanga, ya tako.

"Malam Tasi'u, ba ni na gani."

"Ba komai ba ne, shirmen yara..."

"Ba ni."

Ya karɓa ya ware. Isa bai yi nisa a boko ba, amma ya san zanen sunansa, ya kuma san jan fentin da ake rubuta buhun rabo da shi. Ya daɗe yana kallo.

"Malama."

"Na'am, Baba Isa."

"Ke kika rubuta wannan?"

Ƙarya ba halinta ba ce, ga ɗalibanta ashirin da huɗu sun zuba mata ido.

"A'a."

"A ina kika samo buhun?"

"Gidaje da yawa na bi."

"Na san kin bi, har gidana kin zo. Wannan nake tambaya."

"Baba Isa, ka yi min rai. Ba zan faɗa ba."

Sai ga murya daga cikin mata, cike da fara'a.

"Ai masu jan rubutun daga gidanmu ne! Ni na ba ta, guda tara, a ɗakin Malam na kwaso su. Ku dai kuna ta yabon Malama, ba wanda ya ce Laraba sannu."

Wayyo Laraba. Ta faɗa tana gyara mayafi tana jiran a sa mata albarka.

Idanu suka koma kan Malam Tasi'u.

Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta dubi mijinta. Murmushin ya mutu a fuskarta. "Malam... wani abu na yi?"

Ya kau da kai. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka, rezar ma tana hannunsa bai san yana riƙe da ita ba.

Isa ya yi magana a hankali, wanda ya fi ihu ban tsoro.

"Ka ce mana bai fito ba."

"Isa, ka bari mu zauna..."

"A masallaci ka faɗa, bayan la'asar. Ka ce sai baɗi. Masarata tana can ta yi rawaya kamar mai shawara, kullum na wuce ta sai na kau da kai. Ashe nawa yana Doguwa."

Nan fa wuri ya kaure.

"Guda tara ta ce!"

"Nawa ma yana ciki ke nan!"

"A farke su duka a gani!"

Wani mai ƙarfin murya ya ce, "Ba farkewa ba! A tattara rigunan nan kaf a kai gaban mai unguwa yanzun nan. Shaida ce!"

"Ƙwarai! A tattara!"

Hannuwa suka fara miƙowa wajen yaran. Wata ƙarama ta ƙanƙame tata ta fashe da kuka. Ɗigon farko ya faɗo a gilashin mota.

Maijidda ta ga tafiyarta tana zamewa daga hannunta. In riguna suka tafi gidan mai unguwa, babu mai shiga mota yau, kuma ta san in aka fasa yau an fasa ke nan.

Ba ta san lokacin da ta shiga tsakaninsu da yaran ta ware hannuwa ba.

"Iyayena, ku tsaya!"

Ba su saba jin muryarta haka ba. Suka tsaya.

"Haƙƙinku ne, ban ce ku yafe ba. Ni ma na gani, kwana goma sha ɗaya ina kallon sunayen nan a ƙarƙashin allurata, na haɗiye. In laifi ne na yi shiru, ku kama ni da shi. Amma waɗannan fa? Me suka ci? Izu goma suka kawo muku. Akwai wadda take zuwa nan da asuba cikin ruwa ba ta karya ba. Na ce musu za su je, kun ji da kunnenku, kun ce Allah ya kai mu. Ga shi ya kai mu."

"Malama, shaida fa..."

"Da yamma zan dawo muku da su ashirin da huɗu, ku ƙirga. Wallahi ko zare ba zan cire ba. Amma yau a jikin 'ya'yanku za su yini. An hana gonakinku abin da ke ciki, kar ku hana 'ya'yanku buhun."

Yayyafi ya fara ƙarfi.

Kowa ya juya yana kallon Isa, don shi ne sunansa ke buɗe.

Isa ya dubi rigar da ke hannunsa. Ya dubi Habiba, wadda bakinta ya mutu yanzu, idonta ya cika taf.

"Zo nan."

Ta matso.

Ya buɗe rigar ya zura mata da kansa, ya ja hular ya rufe mata hijabi, ya ɗaure igiyar da manyan yatsunsa masu kanta.

"Sunan wa ke bayanki?"

"Naka, Baba."

"To ki kai shi Kano ya hau lilo. Shiga mota."

Ya juya ga sauran mazan. "Shaida ba ta da ƙafa. Ta je ta dawo, muna nan."

Kamar jira ruwan yake, ya tsuge.

"Riguna!" in ji Maijidda.

Kafin ka ce kwabo fili ya koma fari. Iyaye maza da ɗazu suke miƙo hannu su ƙwace, su ne yanzu suke durƙusawa suna ɗaura wa 'ya'yansu igiya. Yaran suka yi layi, ruwa na dukan leda yana gangarewa, ko ɗaya ba ta gudu ta fake ba. Manya ne suka rakuɓe a ƙarƙashin darbejiya suna jiƙewa, yara kuwa suna tafe a hankali, kai a sama.

Wallahi ko ni da nake ba ku labari sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Maijidda kuwa hawaye take, ruwan sama ya rufa mata asiri.

Ta tsaya a ƙofar mota tana dafa kan kowacce.

"Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Ashirin da uku."

Ta miƙa hannu, ba kai.

Ta waiga.

Karima na tsaye a inda aka bar ta, jikin katangar aji. Ba ta sa rigar ba, a hannu take riƙe da ita. Hijabinta ya jiƙe ya manne mata a fuska. Can gefe mahaifinta na tsaye shi kaɗai cikin ruwa, mutane sun ja baya sun bar masa fili.

Mujitaba ya leƙo. "Malama, hanyar Kwanar Ɗangora in ruwa ya yi yawa sai a hankali fa. Mu kama hanya."

"Minti ɗaya."

Ta taka da sauri ta isa gare ta.

"Karima, sa rigarki."

Yarinyar ta girgiza kai.

"Ke nake jira. Na ce ba za a bar ko ɗaya ba."

"Malama, ba zan iya zama a cikinsu ba."

"Ke kika ɗauka?"

"A'a."

"To sa rigarki."

"Tawa ma akwai suna?"

Maijidda ta yi jim. Wannan jim ɗin shi ya ba da ita.

"Karima, bari. Karima!"

Yarinyar da ko ƙwaƙƙwaran motsi ba ta yi, ta sa haƙori ta ciji bakin atamfar ta fizge. Ta ware rigar, ruwa na zuba a kan jan fentin, ta karanta a fili da muryar nan tata ta hadda wadda ba ta tuntuɓe.

"Balarabe Mai Rake."

Ta ɗago kai.

"Malama... wannan ai babanku ne."

"Shi ne."

"Kin sani, kika ba ni?"

"Na sani. Ba zan ɗora miki sunan wani ba, wanda gobe zai ce 'yar Malam Tasi'u ta sa haƙƙinsa. Na gidanmu na ba ki, don shi nake da iko da shi." Ta karɓi rigar ta buɗe ta a saman kan yarinyar. "Aro ne daga Baba. Sa hannunki."

Karima ta ɗaga hannu ɗaya a hankali.

"Maijidda."

Muryar ta fito daga bayanta, ba da ƙarfi ba. Ta gane mai ita tun kafin ta juya.

Malam Balarabe ne, mahaifinta, tsaye riƙe da kekensa, ya jiƙe sharkaf. A ɗaya hannun laimarta ce da ta manta a gida, ya biyo ta da ita ko buɗewa bai yi ba.

Mujitaba ya danna hon. Yara ashirin da uku suka manna fuska a gilashi.

Tsohon ya jingine keken da katanga, ya miƙo hannu.

"Miƙo min rigar nan."